Tsoron annoba kada ya hana mai ciwon daji zuwa asibiti

Iyayenmu mata da 'yan'uwa na Gubuchi, da na Makarfi, Ikara da Kudan.

Kowacce cikinmu tana tune da 2020. A ƙarshen watan Maris aka sa dokar kulle a Jihar Kaduna saboda korona, har gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya kamu. Motocin haya suka tsaya, mutane suka riƙa gudun asibiti. Waɗanda abin ya fi ci a ɓoye su ne masu ciwon daji, musamman mata masu sankarar mama da ta bakin mahaifa, waɗanda maganinsu sai an je Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya.

Tsoronsu yana da dalili. Maganin daji da ake sawa ta jijiya yana raunana garkuwar jiki, cutar da wata za ta warke a mako ɗaya, ita sai ta kwantar da ita. Amma fa sankara ba ta san kulle ba. Maganin nan zagaye-zagaye ne, kowanne da ranarsa. In an tsallake, ciwon ya samu sarari ya bazu. Ƙullutun da za a iya cirewa yau, bayan wata shida yana iya fin ƙarfin aiki.

Annoba kuma ba ta ƙare da korona ba. Ko a 2023 mashaƙo ya ɓulla a nan Makarfi.

Don haka ra'ayina, ɗage magani hukuncin likita ne, ba na miji ko uwar miji ko maƙwabciya ba. In annoba ta zo, a kira likita a ji ta bakinsa. In ya ce a zo, a sa takunkumi, a wanke hannu, a tafi da ɗan rakiya ɗaya tak. Masu zuwa dubiya mu rage cika ɗaki, mai tari ta yi gaisuwa ta waya.

Mu da ke bin gida-gida lokacin zaɓe mun san gidajen da ke da mara lafiya. Mu haɗa mata kuɗin mota, ko daga adashinmu ne. Mu kuma gaya wa kansila da ɗan majalisarmu: duk ranar da aka sake rufe hanya, a bar mai katin asibiti ta wuce.

Wadda ta ji ƙullutu a mama, ko take ganin jini ba lokacin al'ada ba, don Allah kar ta jira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. A tura wa sauran 'yan'uwa.