Kafin ka sayar da gonar gado ka taho Legas

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don Allah ku daure ku kai ƙarshensa kafin ku yanke mini hukunci.

Daren jiya ɗan baffana ya kira ni daga gida. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yaya, na gama shawara. Zan sayar da gonar nan ta gado, in sayi mashin in taho wajenku in fara acaɓa. Mi zan zauna yi a nan?" Na ce ya ba ni zuwa safiya. Wallahi ban runtsa ba. Na san ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, shi ya sa na ce bari amsar da zan ba shi in ajiye ta a nan kowa ya gani.

Ni dai kun san abin da ya fito da ni. Bayan daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, hankalina bai sake kwanciya ba. Allah Ya taimaka yaran suka dawo cikin mako guda, amma tsoron bai fita daga zukatanmu ba. Farkon 2021 na ɗauki jaka na hau motar Ikko. A cikin shekarar aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma katse layukan waya. Na yi makonni ban ji muryar mahaifiyata ba. Saboda haka duk wanda ya ce mini zaman gida ya gagare shi, ba zan ƙaryata shi ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Amma fa wutar ma wuta ce, kuma ya kamata mu da muke cikinta mu faɗi zafinta.

Yanzu ina riƙe wa wani Alhaji mai sayar da albasa da kayan gwari lissafi a kasuwar Mile 12, ina zaune da iyalina a Agege. Aikina ke nan kullum, rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Abin da wannan aikin ya koya mini shi ne, mutum ba ya ƙaruwa da abin da ya samu, sai da abin da ya rage masa. A Legas samu yana da yawa, ragin ne babu.

Mu fara da wurin kwana. A gida ko ba ka da ko sisi, akwai ɗakin samari, akwai zaure, ba wanda zai tashe ka. A nan kafin ka sa ƙafa cikin ɗaki sai ka ajiye kuɗin shekara cur. Bayan shi akwai kason ejan, akwai na rubuta yarjejeniya, akwai wani kuɗi da ake riƙewa wai ko za ka lalata wani abu. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma je ka faɗa wa mai gida haka alhali mutum biyar na tsaye a bayanka da kuɗi a hannu. Ɗakin da ake wannan rububin a kansa kuwa ɗaya ne tal, a gidan da ɗakuna ke kallon juna, banɗaki ɗaya na mutanen gidan duka. Wanda bai da halin wannan, sai kwanan kasuwa ko rumfa ko harabar masallaci, shi ma kuma sai ya biya kuɗin wanka, ya biya na bayan gida. Ku yi haƙuri da kalmar, amma gaskiya ke nan: a garin nan har kewayawa da kuɗi ake yi.

Sai ruwa. Garin da teku ta kewaye, ga tafki ga gadoji, amma a unguwanni da yawa ruwan wanka da na girki saye ake yi wajen 'yan ga-ruwa, waɗanda yawancinsu ma 'yan uwanmu ne 'yan Arewa. Na sha kuma sai na leda. Damina a nan ba irin tamu ba ce da take zuwa ta tafi ta bar mu da kaka. Tun wajen watan Afrilu ake tafka ruwa har Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ya sake dawowa. Wanki ya kwana biyu bai bushe ba, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, ƙarfe ya yi tsatsa, kwata ta cika ta shigo ɗaki. Sauro kuwa ba shi da hutu, don haka maganin zazzaɓi ya zama kamar kuɗin cefane. Wanda ke nan a watan Yunin 2024 ya san yadda amai da gudawa ya ɓarke a garin, ya kuma tuna ruwan farkon Yulin shekarar da ya hana mutane fita aiki. Ga mai neman na yau, ranar da bai fita ba ranar bashi ce.

Abinci shi ne ya fi yi mini ciwo. A gida muna da rumbu. Kuka, kuɓewa, yakuwa, duk a bayan gida suke. Idan tsaba ta ƙare, maƙwabci zai auna maka tiya biyu zuwa kaka. A nan ba a san tiya ba, sai wani ɗan gwangwani da suke kira derika, sai kuma robar fenti. Masarar da muke ɗauka ba komai ba, a nan da lissafi matata ke ɗibarta. Ni kuma na san dalili, don a gabana ake sauke kayan. Buhun da ya taso daga Arewa yana ɗauke da kuɗin babbar mota, da na dizal, da abin da direba ya bari a shingaye tun daga Funtua har Ibadan, da ladan 'yan dako, da kuɗin wuri, da asarar abin da ya ruɓe a hanya. Duk wannan a kan mai saye yake sauka, mai sayen kuma har da ni da na baro gonar da ake noma abin. Rannan 'yata ƙarama ta tambaye ni, "Baba, mene ne rumbu?" Na yi dariya a gabanta, amma abin ya tsaya mini a rai.

Kuɗin mota kuma kun san labarin. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta doshi 500, zuwa ƙarshen 2024 ta kai wajen 1,000. Wannan ya taɓa kowa a ƙasar nan, na sani. Bambancin shi ne a Ƙanƙara za ka iya takawa zuwa kasuwa, ko ka hau keke. A nan daga Agege zuwa Mile 12 sai na canza mota, kuma kuɗin danfo ba shi da tsayayyen farashi: in an yi ruwa ya hau, in an yi cunkoso ya hau, in dare ya yi ya hau. Ina fita bayan sallar asuba, wani lokaci sai bayan isha nake shigowa, yara sun yi barci.

Wani zai ce ai Legas na biyan mafi ƙarancin albashi naira 85,000, alhali na ƙasa 70,000 ne. Haka ne. To amma wannan na ma'aikatan gwamnati ne. Maigadi, ɗan dako, mai wankin takalmi, mai tura baro, wa ya sa su a wannan lissafin?

Yanzu bari in zo kan mashin, tunda shi ɗan'uwana ke son saya. Tun 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island, Lagos Mainland da Apapa. Bayan wata uku aka ƙara wasu huɗu, ciki har da Kosofe da Mushin da Oshodi. Wato wuraren da fasinja mai kuɗi yake, su aka rufe. Babur ɗin da aka kama kuwa ba ajiyewa ake yi ba, murƙushe su ake yi a bainar jama'a, kowa ya gani a talabijin. Akwai wani yaro ɗan wajen Sabuwa da muke sallah a masallaci ɗaya. Da kuɗin shanun gidansu ya sayi mashin, bai cika wata uku ba aka ƙwace shi. Yanzu yana dako a kasuwa, kunya ta hana shi komawa gida, a gida kuma ana ta jiran aike. Ko a inda ba a hana ba, kafin ka ɗauki fasinjan farko ka yanki tikiti, kowace mahaɗa kuma akwai mai miƙo hannu. Shin wannan ne abin da za a musanya da gonar da kaka ya sare dajinta?

Na san amsar da wasunku za su ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za ku ce, mene ne amfanin gonar da ba ka iya zuwa? Gonar da sai ka biya 'yan bindiga kafin ka shuka, ka sake biya kafin ka girbe, ko a ɗauke ka a cikinta? Ban raina wannan ba, ni ma tawa tana can ciyawa ta cinye. Amma ku duba, saboda wannan rashin tsaron ne gona ta faɗi warwas. Wanda ya sayar yau, a farashin tsoro ya sayar. Masu saye kuma ba wawaye ba ne, sun san fitina ba ta dawwama. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, kuɗin da ka karɓa ba zai sayo maka ko kusurwarta ba. Mashin yana tsufa, ana sace shi, ana ƙwace shi. Gona kuwa ko shekara goma ta yi ba a taɓa ta ba, tana nan inda ka bar ta.

Kada kuma a ɗauka ina zagin Legas ne. Garin nan ya rufa mini asiri. Ina kwana ba na jin ƙarar bindiga, 'ya'yana na zuwa makaranta ba na fargabar a kwashe su. Mai son aiki ba ya rasa abin yi. Maƙwabciyata Bayarabiya ce, ranar da matata ta haihu ita ta kwana a kanta. Hausawa kuma ba baƙi ba ne a Agege, tun zamanin fataucin goro kakanninmu ke nan, akwai zango, akwai sarki, akwai malamai. Sai dai zaman baƙunta yana da nasa sharaɗi. Wanda ya ga rikicin Mile 12 na 2016, ko na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, ya san cewa rana ɗaya tana iya shafe abin da ka tara a shekara goma. Irin wannan ranar, mutum na buƙatar inda zai koma. Bayan rikicin Shasha, da dillalan abinci da na dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tashin gwauron zabi a Legas. A nan na ƙara gane cewa ƙasar noman da muke neman rabuwa da ita da arha, ita ke ciyar da garin da muke rububin zuwa.

Laifin wannan ruɗin, wani ɓangarensa namu ne mazauna nan. Mu ne muke zuwa Sallah da sabuwar shadda da babbar waya, muna raba 'yan dubu-dubu a majalisa, ba mu faɗa wa kowa cewa adashi muka kwasa, ko bashi muka ci, ko mu shida ke kwana a ɗaki ɗaya. Mu ne muke ɗaukar hoto a bakin teku mu ɗora a Facebook. Yaro ya gani ya ce ai Yaya ya haye. Kallon kitse ake wa rogo, kuma mu muka shafa wa rogon mai. Ya kamata mu daina. Ku ma na gida ku tausaya mana. Biki, suna, asibiti, taki, karo-karon kuɗin fansa, duk wayar ɗan Legas ake fara kira. Muna yi don zumunci, amma wallahi wani lokacin daga bakin 'ya'yanmu muke cirewa.

Ga abin da na faɗa wa ɗan baffana da safiyar nan. Na ce, "Ƙanena, in kana son zuwa ka zo, ƙofata a buɗe take. Amma ka zo a matsayin ɗan ci-rani, kamar yadda iyayenmu suka yi. Ka bar gonar, ko ka ba da ita aro ga wanda zai iya nomawa. Ka zo da kuɗin mota na zuwa da na komawa, na komawar ka ɗaure shi kada ka taɓa. Ka yi wata shida kana aikin da ba ya cin jari, kana rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita. Bayan wata shida mu zauna mu duba littafin tare. In ka ga ragi, sai mu yi maganar gaba. Iyali kuwa kada ka ɗauko su sai kana da kuɗin hayar shekara a hannu." Ya yi shiru, can ya ce zai yi shawara da Inna. Ban san abin da zai yanke ba.

Su kuma shugabanninmu, daga kansila har Abuja, su sani cewa yawancin samarin da ke kwana a ƙarƙashin rumfunan Legas ba sha'awar teku ce ta kawo su ba. A ba mu tsaron da manomi zai je gona da safe ya dawo da yamma, ku ga yadda motocin Funtua za su cika da masu komawa. Ni ne na farko a layi.

Waɗanda ke zaune a Legas, Fatakwal, Warri ko Kalaba, ku faɗi gaskiyar abin da kuke gani, ko da ya saɓa wa nawa, don ƙannenmu su ji daga bakuna da yawa. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya sa mu koma gida da mutuncinmu. Amin.