Dala Ɗaya da Santi Goma: Asibitin da Matalauta Masu Tarin Fuka Suka Gina wa Kansu

Yau za mu leƙa birnin Denver na jihar Colorado a Amurka, inda aka taɓa gina asibitoci biyu na masu tarin fuka a ƙarshen ƙarni na sha tara da farkon ƙarnin da ya gabata. Yahudawa ne suka gina duka biyun, kuma kyauta ake jinya a cikinsu, amma sun saɓa a kan tambaya guda: wane marar lafiya ne ya cancanci gado? Kafin wani ya ce me ya haɗa mu da su, wannan ba zancen siyasar Gabas ta Tsakiya ba ne. Zance ne na talakawan teloli da cuta ta ci ƙarfinsu, kuma cutar nan har yau tana gidajenmu.

Daga 1881 zuwa 1924, Yahudawa wajen miliyan biyu suka baro Rasha da gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun kisan gilla da talauci. Da yawansu sun yada zango a New York, cikin gidajen haya masu cunkoso da ɗakunan da rana ba ta shiga. Aikinsu ɗinki, a shaguna masu ƙura, tun safe har dare. Tarin fuka ya yi musu katutu har aka riƙa kiransa ciwon teloli. Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tun 1882, amma babu magani. Abin da likitoci suka sani shi ne hutu, abinci mai gina jiki, da busasshiyar iska. Denver kuwa tana kan tudu, kimanin mita 1,600 sama da teku, ga rana ga iska. Sai masu tari suka yi ta tururuwa can, wasu ba su da ko kuɗin kwana ɗaya. Masu gidajen haya suna korarsu, wasu a bakin titi suke cikawa.

Wata mata mai suna Frances Wisebart Jacobs da malamin addininsu William Friedman ne suka fara fafutukar gina asibiti. Ita ta rasu a 1892 ba ta ga buɗewarsa ba. An gama ginin a 1893, karayar tattalin arziki ta sa ya zauna a rufe, sai a 1899 ƙungiyar B'nai B'rith ta ɗauki nauyinsa aka buɗe shi da sunan National Jewish Hospital for Consumptives. Ƙa'idarsa ita ce mai iya biya ba ya shiga, wanda ya shiga kuma ba ya biya. Bai tsaya ga Yahudawa kaɗai ba, domin wadda aka fara kwantarwa ma Kirista ce 'yar asalin Siwidin.

Aiki ne na yabo, amma yana da sharuɗɗa. Waɗanda suka gina shi Yahudawa ne 'yan asalin Jamus da suka daɗe a Amurka, suka yi arziki, suka saje da mutanen ƙasar. Sun tsara cewa sai wanda ciwonsa bai yi nisa ba za a karɓa, kuma zamansa ba zai wuce wata shida ba. Sannan a shekarun farko ɗakin girkin bai bin dokokin abincin addininsu, waɗanda suka hana naman alade da haɗa nama da madara, suka kuma tsara yadda ake yanka. Ku kwatanta da a kwantar da kakanku a asibiti a ce ya ci mushe don ya samu lafiya. Sababbin zuwa daga Rasha, masu magana da harshen Yidish, sun ji kamar baƙi ne a gidan 'yan'uwansu.

Saboda haka a ƙarshen 1903 wasu tsirarun 'yan ƙaura, yawancinsu masu tarin ne, suka zauna suka yi karo-karo. Abin da aka tara shi ne dala ɗaya da santi goma. Da wannan aka kafa ƙungiyar Jewish Consumptives' Relief Society, wadda ake taƙaitawa JCRS, kuma a 1904 ta buɗe wurin jinyarta a yammacin Denver da 'yan tantuna. Ginshiƙinta shi ne Dokta Charles Spivak, wanda shi ma daga daular Rasha ya gudo, ya kuma riƙe sakatarenta har ya rasu a 1927. Tsarinsu ya bambanta: suna karɓar marar lafiya ko da ciwonsa ya kai gargara, ana dafa abinci bisa dokar addini, ana yi masa magana da harshen da ya tashi da shi. Kuɗin kuwa sule da sisi ne daga ma'aikata da ƙungiyoyin mata na garuruwa daban-daban. Sannu a hankali wurin ya samu gonar shanun madara, da maɗaba'a, da sashen ɗinkin littattafai inda masu samun sauƙi ke koyon sana'ar da ba za ta mayar da su cikin ƙurar shagon ɗinki ba. Marubuta ma sun ratsa ta can: mawaƙin Yidish H. Leivick ya yi jinya a wurin a shekarun 1930. Cikin shekara hamsin an kwantar da mutane wajen dubu goma.

A ra'ayina mutanen Spivak ne suka fi gaskiya. Na san hujjar ɗaya ɓangaren ba ta banza ba ce. Gadaje kaɗan ne, kuɗi kaɗan ne, to me zai sa a ba wanda ba zai tashi ba gadon da zai iya ceton wani? Duk wanda ya taɓa rabon abin da bai isa ba ya san nauyin wannan tambaya. Amma a duba abu biyu. Na farko, wanda ciwonsa ya yi nisa yana cikin masu baza cutar sosai. In an ƙi shi ya koma ɗakin haya, 'ya'yansa da maƙwabtansa ne za su zo neman gadon gobe. Na biyu, a zamanin da babu magani, abin da asibiti ke iya bayarwa shi ne abinci da hutu da kwanciyar hankali. Mutumin da ke ture kwano saboda yana jin abincin haramun ne a gare shi, ta yaya zai yi ƙiba? Mutunta shi na cikin jinyar. Shi kansa National Jewish daga baya ya buɗe ɗakin girki mai bin dokar addini.

Kada kuma a ɗauka iskar dutse tana kashe ƙwayar cuta. Da yawa sun mutu a waɗannan gadaje. Abin da ya sauya al'amari shi ne maganin streptomycin, wanda aka gano a 1943 a ɗakin binciken Selman Waksman tare da ɗalibinsa Albert Schatz, sai isoniazid a 1952. Waksman ɗin ma Bayahude ne ɗan ƙaura daga Yukiren. Da magani ya samu, gadaje suka fara zama wayam. A 1954 JCRS ta koma cibiyar binciken ciwon daji, National Jewish kuma ya zama babban asibitin cututtukan numfashi da ke aiki har yanzu.

Mu kuma fa? Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, duk da cewa gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma wata shida na shan magani ba fashi yana warkar da mafi yawan masu shi. Muna da abin da Spivak ya mutu bai gani ba. Abin da ya rage mana shi ne wanda su suka riƙe. Mai tari yakan daina shan magani ne saboda babu kuɗin mota zuwa asibiti, ko babu abin da zai sa a ciki kafin ya haɗiyi ƙwaya, ko kuma tsoron a ware masa kwano a daina zama kusa da shi. Wanda ya yanke magani a tsakiya kuwa yana iya haifar da nau'in tarin da ba ya jin magani, sai wahalar ta ninka a kan kowa.

Nan ne ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa da na teloli da masu adashi suke da rawar takawa. Ba sai an gina asibiti ba. A ɗauki marar lafiya ɗaya, a riƙe masa kuɗin mota da mudun hatsi da ƙwai na wata shida, a samu mai leƙa shi yana tambayar ko ya sha magani. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu a raka shi gwaji, ba tare da an yi masa kallon abin gudu ba. Mutanen Denver da dala ɗaya da santi goma suka fara, kuma ba su jira sun warke ba kafin su fara.

Wace ƙungiya ce a unguwarku za ta iya ɗaukar mutum ɗaya? Ina jiran ra'ayoyinku. Mu haɗu a mako mai zuwa.