Bashin da ke kulle a cikin wayar mamaci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya saba halartar zaman rabon gado a garuruwanmu shekaru goma sha biyar da suka wuce zai tuna yadda ake farawa. Kafin a yi maganar gona ko gida, sai uwargida ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar jaka ko akwatin ƙarfe. A ciki ake samun takardun kuɗin wuta, da rasit na makarantar yara, da takardar fili, da ɗan littafin da marigayi yake rubuta waɗanda yake bi da waɗanda suke binsa, wani lokaci da boko, wani lokaci da ajami. Daga nan malamai suke sanin abin da za a fitar kafin magada su karɓi rabonsu.

A yau, daga Kafin Hausa zuwa Bulangu, daga Haɗeja zuwa Dutse, abin da ake ajiyewa a tsakiyar tabarma a irin wannan zama shi ne wayar hannu. Tana kulle, kuma wanda ya san lambar sirrinta yana kabari. Saƙonnin banki suna ciki, shaidar kuɗin da aka tura tana ciki, bashin da aka ci ta manhaja yana ciki, har da umarnin da marigayi ya ba banki na cire kuɗi duk wata. Magada suna kallon wayar, babu mai iya cewa ga abin da ake bin mahaifinsu. Wannan lamari ya cancanci masallatai da makarantunmu su tsaya a kansa tun kafin ya zama ruwan dare.

Sauyin ya zo ne a hankali. Babban Bankin Najeriya ya fara tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a 2012, aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Daga 2015 kuɗaɗen gwamnatin tarayya suka koma asusun bai-ɗaya, ɗalibai suka saba da biyan kuɗin makaranta ta Remita. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya zo ya ƙarasa aikin, ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya karɓar taransifa. Ɗalibin Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko na Jami'ar Tarayya ta Dutse yana kammala rajista ta intanet, kuma abin da zai nuna a matsayin shaida shi ne abin da ya buga da kansa a shagon kwamfuta. Mai mita ta kati a yankin KEDCO, wato Kano da Katsina da Jigawa, yana sayen wuta daga ɗakinsa, lambobi ashirin su shigo masa ta saƙo.

Adalci ne a faɗi alherin wannan tsari, domin yana da yawa. Ma'aikacin da ke Dutse yana tura wa mahaifiyarsa kuɗin magani a ƙauye cikin minti ɗaya. An huta da bin layi a rana, an huta da tsoron ɗaukar kuɗi a hanya. Mai mita ta kati ya tsira daga bil ɗin ƙiyasi, wanda koke a kansa ya yi yawa har hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sa masa iyaka a 2020. Wanda ya umarci banki ya riƙa biyan kuɗin haya ko na makaranta a kan lokaci ya kare kansa daga jinkirta haƙƙin mutane, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi a cikin zalunci. Wanda kuwa ya tsara wa iyayensa ko wani maraya ɗan abu duk wata, ya shiga ƙarƙashin koyarwar Manzon Allah (SAW) cewa aikin da ya dawwama, ko kaɗan ne, shi Allah Ya fi so.

Shari'a kuma ba ta ƙulla ingancin ciniki da takarda ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda a al'adar mutane, ko da miƙa kuɗi da karɓar kaya ne babu magana. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa ana iya ƙulla ciniki ta kafofin sadarwa na zamani. Saboda haka babu wanda zai haramta wa mutane alat ko manhaja. Tambayar da ta rage ita ce: shin manufofin da shari'a ta sa aka riƙa rubutu dominsu suna cika a wannan sabon tsari?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta umarci a rubuta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta ƙarami ko babba tare da ranar biyansa, kuma ta bayyana dalili: hakan ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi kore shakka. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, wasu suka ce wajibi ne, amma babu saɓani a kan hikimarsa. Ana rubutu ne domin wani ya iya karantawa ranar da mai bashin ya manta, ko ya yi musu, ko ya mutu. Rubutun da ke cikin wayar da babu mai iya buɗewa, ko saƙon da aka goge domin waya ta cika, ko layin da aka rufe aka sayar wa wani, bai cika wannan manufa ba, ko da kuwa kwamfutar banki tana riƙe da shi a wani wuri.

Mu duba cirar kuɗi ta kai-tsaye kuma. A fiƙihu sunanta wakilci: ka ba wani izini ya biya a madadinka daga dukiyarka. Wakilci halal ne, amma yana da iyakoki da malamai suka daɗe da bayyanawa. Wakili ba ya wuce abin da aka umarce shi. Mai dukiya yana da ikon tsige shi. Kuma wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta. A kan waɗannan iyakoki ne mafi yawan koke-koken mutane suke faɗowa, ko da ba su san sunayensu a littafi ba.

Ɗauki maganar yarda. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta halatta kasuwancin da ya tsaya a kan yardar juna. Wace irin yarda ce ake samu daga tsohuwar da aka aiko mata saƙo da Turanci, ta danna lamba bisa kuskure, daga nan aka riƙa yankar katinta duk mako domin waƙar jiran kira ko wani tsarin da ba ta san da shi ba? Wace yarda ce a cikin datar da ke sabunta kanta da tsakar dare, ta cinye kuɗin da ɗalibi ya ajiye domin kiran gida? Shiga da danna ɗaya, fita kuma da wahalar da sai mai ilimi ya iya, wannan ba ma'amala ce ta gaskiya ba. Duk kamfanin da ya gina ribarsa a kan mantuwar mutane da rashin karatunsu ya tuna da farkon Suratul Muɗaffifina, inda aka yi narko ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta samar da lambar 2442 tun 2016 domin toshe saƙonnin talla, kuma ya kamata matasanmu su taimaka wa iyayensu da ita.

Sai maganar sanin adadi. Muslim ya ruwaito hani daga cinikin garari, wato wanda jahilci da ruɗu suka lulluɓe. Mai asusu yana da haƙƙin sanin abin da aka cire masa da dalilinsa: kuɗin alat, kuɗin kula da kati, naira 50 da ake ɗauka a kan tura naira 10,000 zuwa sama. Waɗansu daga ciki doka ce ta ɗora su, waɗansu ladan aiki ne da shari'a ba ta hana ba. Amma mutumin da ba ya taɓa neman cikakken bayanin asusunsa ba zai bambance na halal da na kuskure ba. Da yawanmu muna ganin alat, mu duba abin da ya rage, mu mayar da waya aljihu. Kakanninmu da ba su da banki sun fi mu lissafin dukiyarsu.

Mafi haɗari shi ne inda cirar kai-tsaye ta haɗu da riba. Manhajojin bayar da bashi suna neman lambar katinka tun farko, domin ranar biya su cire da kansu tare da ruwan da suka ɗora. Tun 1 ga Agusta 2020 kuma, tsarin Babban Banki da ake kira GSI ya ba banki damar bin wanda ya ƙi biyan bashi zuwa asusunsa na wasu bankuna ta hanyar BVN, bisa izinin da shi kansa ya sa wa hannu lokacin karɓar bashin. Ɗalibin da ya ci bashin ruwa domin sayen waya ya sani cewa bayan zunubin riba, ya kuma miƙa makullin aljihunsa. Kuɗin makarantar da mahaifinsa zai turo na iya sauka da safe, kafin azahar an kwashe.

Mu koma kan tabarmar rabon gado. Alƙur'ani a ayoyin gado na Suratun Nisa'i ya maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Bukhari kuma ya kawo yadda Manzon Allah (SAW) ya dakata daga sallatar wani mamaci da ake bi bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Idan ba a san bashin ba, wa zai biya? A ɗaya ɓangaren kuma, daga lokacin da rai ya fita, abin da ke asusun ya zama na magada, kuma a cikinsu ana iya samun marayu. Banki bai san an yi jana'iza ba, kamfani ma bai sani ba. Kuɗin tashoshin talabijin da na data da sauran abin da marigayi ya tsara za su ci gaba da fita daga dukiyar marayu, a ƙarƙashin wakilcin da a shari'a ya riga ya ƙare. Na zauna a rabon da aka shafe watanni ana jiran takardu, da aka samu bayanin asusun aka tarar an yi ta cirar kuɗin abubuwan da babu mai amfani da su a gidan tun ranar rasuwa.

Akwai kuma kuskuren da magada ke yi ta ɗaya hannun. Babban ɗa da ya san lambar katin mahaifinsa sai ya nufi mai POS ya zare kuɗi kafin a yi lissafi, yana ganin ai na babansa ne. Wannan taɓa haƙƙin sauran magada ne da na masu bin bashi. Abin da ya dace shi ne a sanar da banki da wuri, a bi ta kotu a karɓi takardar da za ta ba da damar fitar da kuɗin, a rubuta duk abin da aka kashe wajen jana'iza.

Mafita tana hannun kowane magidanci, kuma ba ta da tsada. A dawo da littafin gida. A rubuta sunayen bankuna da manhajojin da ake da asusu a cikinsu, da duk umarnin cira da aka bayar, da adadinsa da ranarsa, da wanda ake bi da wanda yake bi. Ba a ce a rubuta lambar sirri a bar ta a fili ba, domin tsare dukiya ma umarni ne. Abin nufi shi ne amintacce ɗaya, mata ko ɗa ko ɗan'uwa, ya san inda littafin yake. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya kwaɗaitar da cewa mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Manyan biya kamar kuɗin makaranta, haya da sayen fili, a buga shaidarsu a takarda a adana. Sau ɗaya a wata a zauna a karanta bayanin asusu, a soke abin da ba a buƙata. Mata masu sana'a a cikin gida da masu adashe ta waya su ma wannan kira ya shafe su, domin dukiyar mace tata ce, kuma ita ma ana gadonta.

Ga bankuna da kamfanonin waya da na wuta, kiranmu shi ne su yi wa mutanen wannan yanki bayani da Hausa, su aiko da gargaɗi kafin cira, su sa fita daga tsari ta yi sauƙi kamar shigarsa, su kuma bar ƙofar rasit na takarda a buɗe ga dattijon da bai iya karatun waya ba. Ga ɗaliban ilimi kuma, babin wakilci da na bashi da na gado da kuke karantawa a Risala da Muhtasar suna nan a cikin wayoyin iyayenku, suna jiran wanda zai fassara musu. Limamai su sanya wannan a huɗuba, malaman Islamiyya su koya wa mata da yara.

Muna roƙon Allah Ya tsare mu daga nauyin bashi da cin haƙƙin marayu, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya azurta mu da shi, Ya sa mu cika da imani babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Allah ne Mafi sani.