Mai cin la'ada, ina lamuninsa?

Faransawa suna da sunan da suke kiran mutumin da ke nemo wa kamfani ma'aikata: maharbin kawuna. Duk tsohuwar da aka fassara wa wannan suna a Birnin Damagaram sai ta kira jikokinta su shiga gida, don za ta ɗauka masu yankan kai ne suka shigo gari. Alhali kuwa sana'ar ba baƙuwa ba ce. Wanda ke tsayawa tsakanin mai nema da mai bayarwa, ya ci la'ada, dillali ne. Ko ya sa kwat, ko ya kafa allo a ƙofar bironsa a unguwar Filato ta Yamai ya rubuta «kabine», dillali ne, kuma da mudun dillanci ya kamata a auna shi.

Kafin a ɗora masa laifi, adalci ne a leƙa bironsa. Kamfani ko ƙungiyar agaji ta kira shi: tana son akanta ɗaya da direbobi uku cikin kwana goma. Ya ba da sanarwa a jarida, ta bazu a WhatsApp, kafin mako ya zagayo dosiye sun cika teburi sun sauka ƙasa. Cikin kowace akwai tarihin karatu da aiki, wasiƙar neman aiki, kwafin difloma mai hatimi, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, da ta kotu mai shaida cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba. Wasu diflomomin na jabu ne, kuma shi ake jira ya gano su. Wayarsa ba ta hutawa: kawu ya kira, abokin lakwal ya kira, wani babba ya aiko a gaishe shi. Ƴan Nijar sun daɗe da raɗa wa wannan ciwo suna da haruffa uku, PAC, watau dangi, abokai da sanayya. In ya ƙi, a ce ya manta asalinsa. In ya yarda, mai kamfani ya gane, ya koma wani kabine. Sau da yawa ba a biyansa sai wanda ya kawo ya kama aiki, in kuwa mutumin ya gudu cikin watannin gwaji, shi zai nemo wani kyauta. Ba sana'ar raggo ba ce.

Kasuwarsa kuma ta buɗe. Hukumar ANPE, wadda aka kafa a 1996, ba ita kaɗai ke haɗa mai aiki da ma'aikaci ba. Matatar man fetur ta kusa da Damagaram da aka buɗe a 2011, ƙungiyoyin agaji da suka cika Diffa daga 2015, bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin da ya fara aiki a 2024, duka sun buƙaci hannuwa da gaggawa, kuma mai gaggawa ba ya raina dillali.

To, amma a je kasuwar dabbobi ta Badagishiri a ga yadda magabata suka tsara wannan sana'a. Makiyayi ya zo daga arewa da shanunsa, gidan dillalinsa yake sauka, nan yake ci, nan yake kwana. Dillali ya san shi, ya san mai saye. In aka tafi da sa, daga baya ta bayyana na sata ne, ba makiyayi ake fara nema ba, dillali ake riƙewa. In mai saye ya ɗauki bashi ya ɓace, dillali ne zai tsaya gaban baƙonsa. La'adarsa kuɗin lamuni ce, kuma lamunin na ɓangare biyu ne. Jarinsa duka sunansa ne. Ranar da sunan ya ɓaci, ranar ya bar kasuwa.

Dillalin biro ya riƙe la'ada, ya yar da rabin lamuni. Yana tsaya wa mai kamfani, ba ya tsaya wa mai neman aiki. A dubi saurayin da ya gama jami'a a Tawa, ya ranto kuɗin tambur da hoto da hatimi, ya biya mota zuwa Yamai, ya kwana a zauren wani ɗan garinsu, ya miƙa dosiyensa. Daga nan shiru. Wata ɗaya, wata uku, takardar kotun ma ta mutu sai ya sake wata, ba wanda ya ce masa an ɗauka ko ba a ɗauka ba. A ƙasan sanarwa an riga an wanke hannu da layi guda: waɗanda aka zaɓa kaɗai za a kira. Wane dillalin shanu ne zai karɓi igiya a hannun baƙo ya shige gida ya rufe ƙofa? Akwai ma waɗanda ke karɓar «kuɗin dosiye» daga hannun marar aiki, alhali yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, wadda Nijar ta amince da ita a 2015, ta kafa ƙa'ida cewa ba ma'aikaci ke biyan dillali ba. Cin la'ada baki biyu, a kasuwa ma suna gare shi, kuma ba mai daɗi ba ne.

Babban laifin kuwa, wanda ya fi shafar malamai, yana cikin rariyar da yake tankaɗe da ita. Ana neman wanda zai zagaya ƙauyukan Mayahi ko Magariya, ya zauna bisa tabarma da mata ya yi musu bayanin tamowa da kunun yara, ko ya sasanta manoma da makiyaya a kan burtali. Aikin nan gaba ɗayansa da Hausa za a yi shi. Amma da me ake gwada mai nema? Da wasiƙar Faransanci, sannan da ganawa cikin Faransanci a ɗaki mai sanyi. Kowane malami ya san abin da wasiƙar neman aiki take: jiya a gidan intanet ake kwafo ta, yau na'ura ke rubuta ta cikin ƙiftawar ido. Ba ta shaidar komi sai cewa mai ita ya san inda ake samun wasiƙa. Hausa kuwa, in an tuna da ita, can ƙarshen sanarwa ake jefa ta: jin harshen wurin ƙarin tagomashi ne. Ba mai gwadawa. Ba mai cewa: ga tsohuwa, fahimtar da ita dalilin allurar rigakafi ba tare da ka sa kalmar Nasara ko ɗaya ba. Ba mai miƙa takarda ya ce a rubuta rahoton layi biyar da ɓ da ɗ da ƙ a wurarensu.

Sakamakon a fili yake. Wanda ya iya zuba ya wuce, wanda ya iya aiki ya koma gida, shi kuma mai zubar, da ya isa ƙauye, sai a ɗaukar masa tafinta. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Duk wannan bai ƙetare ƙofar kabine ba. Malami kuma zai yi ta faɗa wa ɗalibi cewa harshensa dukiya ne, ɗalibi yana kallon yayansa da aka mayar gida saboda ya yi tuntuɓe a nahawun Faransanci. Wa zai gaskata?

Sai kuma wani reshe na sana'ar, inda dillali ba haɗawa yake yi ba, haya yake bayarwa: masu gadi, masu shara, direbobi, suna aiki a harabar wani, albashinsu na fitowa daga hannun wani. Kamfani ya biya kabine, kabine ya cire nasa, ragowar ta isa ga mai gumi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa jika 42 a 2024. Ko ana biyansa, ko ana zuba wa mutum kuɗinsa a asusun CNSS, ko wa zai ɗauki nauyinsa ranar da ya karye a bakin aiki, tambayoyi ne da sufeton ƙwadago ya kamata ya riƙa yi ba sai an kai ƙara ba.

Za a ce dillali ɗan aike ne, abin da mai kuɗi ya ce shi yake yi. Wannan hanzari bai karɓu ba, domin shi da bakinsa yake sayar da kansa a matsayin mai ba da shawara, kuma kuɗin shawara yake ci. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shi ne ya san ƙasa, shi ya kamata ya gaya wa baƙon da ya zo daga Turai cewa aikin ƙauye da harshen ƙauye ake gwada shi. In bai san yadda ake shirya irin wannan jarrabawa ba, malaman Hausa da ƙungiyoyin raya harsuna suna nan a Maraɗi da Tawa da Damagaram, sun share shekaru suna gyara takardun ɗalibai, kuma ba a taɓa jin sun ƙi kira ba. Amsar da saurayin Tawa yake jira kuwa, layi ɗaya ce a saƙon waya, kuɗinta bai kai na tambur ɗin da ya manna wa dosiyensa ba.