Alhaji, Shakazobar Motarka Ta Mutu

Alhaji mai a-kori-kura, da kai nake. Kai ma direba kada ka kau da kai, laifin naku ne ku biyu. Duk wanda ya taɓa bin bayan motar nan taku ya san halin da take ciki: ta faɗa rami guda ta fito, amma bayanta bai daina sama da ƙasa ba sai an yi tafiya mai nisa. Shakazoba ta mutu tuntuni, kuma kun sani.

In an yi magana sai ka ce, "Ai motar kaya ce, ba ta shan iska ba." Wato a ganinka shakazoba kayan jin daɗi ce, ta masu zama a gidan baya cikin sanyi. To, ba ita ke ɗaukar nauyi ba, wannan aikin sifirin ne. Amma sifirin in ya lotsa sai ya miƙe da ƙarfi, ya sake lotsawa, ba ya tsayawa da kansa. Shakazoba ce ke ladabtar da shi. A cikinta akwai fistin da ke tura mai ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, man ya ƙi wucewa da sauri, ƙarfin girgizar ya koma zafi ya fice. Da zarar man ya tsiyaye ko ƙofofin sun saki, taya za ta dinga tsalle kamar ƙwallon yara. Taya kuwa in tana iska, birki ba shi da abin kamawa, sitiyari ma ba shi da iko. Shi ya sa in direbanka ya taka birki gaban motar ke dungurawa, ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, in ya sha kwana kuma ta karkata kamar za ta kwanta. A hanyar burji mai gargada, bayanta zamewa yake yi gefe.

Yanzu dubi abin da kake ɗora mata. Irin waɗannan motoci, ko tsohuwar Hilux ce ko Peugeot 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ƙarfinsu bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Buhu goma na masara mai kilo 100 ya cika tan. Kai kuwa ka san buhu nawa ake lodawa a Dawanau. A kan buhunan kuma ga mutane: mata da goyo, tsofaffi masu zuwa cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, yaron mota maƙale a ƙarfen baya. Ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar kafin ya hau. Sun biya kuɗi, sun yi bisimilla, sun ba ka amanar rayukansu. In ta kife sai a taru a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ga mai yana zuba ya ce "a lallaɓa zuwa bayan kaka" ba shi da bakin fakewa da ita.

Dabarun da kuke yi ma sun fi ban haushi. Mota ta yi laushi, sai a ƙara wa sifirin ganye biyu, a ce ta yi ƙarfi. Ta sandare dai, tsallen yana nan. Wani ya huda tsohuwar shakazoba ya ɗura mata baƙin mai, ya liƙe da walda. Wani ya yanko tsohuwar taya ya cusa a madadin robar bushin. Mai ɗan tausayi shi ne zai je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya tsinto ta hannu guda ɗaya tilo, mafi araha, ya ɗaura a gefen da ya fi kuka. Araha ba ta ado. Biyu-biyu ake canza ta, hagu da dama tare, in ba haka ba gefe guda ya riƙe, ɗayan ya saki.

Kuma ba wani asiri ba ne gane ta mutu. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, ba kaya a ciki. In ta yi ta lilo maimakon ta dawo ta tsaya, magana ta ƙare. Ka duba jikinta ko ya jiƙe da mai ƙura ta manne. Ka shafa taya, za ka ji ta cinye faci-faci, nan tudu nan kwari. Masu ƙera ta kan ba da shawarar a bincike ta wajen kilomita 80,000, a ƙasashen da titi ke da santsi ke nan. Taka yaushe rabon da allurar lissafin tafiyarta ma ta motsa?

Da kake lissafin kuɗi, lissafa tayoyin da kake canzawa kafin lokacinsu, da ganyen sifirin da ke karyewa, da notunan da ke kwancewa. Direba ya yi shiru ne don tsoron kada a taɓa masa balas, ko a karɓe makulli a ba wani.

Aikin kansa ba ya cin yini. A bayan motar, noti ne a sama, noti a ƙasa. Wahalar ɗaya ita ce tsatsa, a jiƙa su da mai tun dare. Ka sayi sababbi da robobinsu, ka tsaya a kan bakanike, kada ya ƙarasa ɗaure notunan sai motar ta sauka daga jak ta zauna a kan tayoyinta, don kada robar ta murɗe ta yage. Tsofaffin kuma ka karɓe su da hannunka, kada a sa musu wuta domin wasu akwai gas a ciki, kada kuma ka bar su a gareji. In ka bari, kafin mako ya zagayo an wanke su, an fesa musu baƙin fenti, an sayar wa wani mai a-kori-kurar.