Wuƙar Yankan Ganye: Shawara Ga Masu Cefane A Kurmi

Yau kan ƙaramar wuƙar madafa nake son mu tattauna, wadda ake yanka alayyahu da albasa da kuɓewa da ita. Na san wani zai ce abin bai kai a rubuta ba. To amma a yawancin gidajenmu maigida ne ke zuwa kasuwa, uwargida ce ke yanka. Mai saye daban, mai riƙewa daban, kuma in an yi zaɓen banza yatsun wata ne ke biya.

Ra'ayina shi ne, wuƙa ɗaya ƙarama mai kyau ta fi jerin wuƙaƙe shida masu ƙyalli da ake sayarwa cikin kwali. Kuma a zaɓe ta da la'akari da abu biyu: hannun da zai riƙe ta, da ƙasar da muke zaune.

Mu fara da hannu. Matanmu da yawa ba a kan katako suke yanka ba. Za ta dunƙule ganyen a hannun hagu, ta riƙa jawo wuƙar zuwa wajen babban yatsa. Haka ake yi wa kuɓewa, haka ake yi wa ugu da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Doguwar wuƙa irin ta mahauta ba ta dace da wannan aiki ba, domin tsininta na nesa da inda ido yake. Wadda tsawon bakinta bai wuce inci 4 zuwa 5 ba, ita hannu ke iya sarrafawa. A guji mai haƙora kamar zarto. Wannan ta burodi ce, yayyaga ganye take yi.

Sai ƙasa. Da yawanmu in mun je gida da Sallah mukan dawo da wuƙar maƙera, kuma ban ga laifin mai yin haka ba. Maƙeranmu kan ƙera ta da tsohon ƙarfe mai tauri irin na sifirin mota, tana ɗaukar kaifi nan da nan, ga araha. Sai dai iskar Kano ko Sakkwato ba ita ce ta bakin teku ba. A nan damina doguwa ce, laima ba ta barin ɗaki, ga gishiri a iska ga waɗanda ke kusa da ruwa. A bar wuƙar maƙera da jiƙa dare ɗaya, da safe ta yi ja. Ruwan tumatir da na lemun tsami ma suna cin irin wannan ƙarfe, shi ya sa wani lokaci albasa kan yi duhu ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Saboda haka ni ina bayan farar wuƙa ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Sirrinta shi ne sinadarin kuromiyam da ake haɗawa a ciki, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ke kare shi daga ruwa da iska. Gaskiya ne ba ta kai ta maƙera saurin kama kaifi ba. Wanda ya tabbata za a wanke, a goge, a shafa ɗan mai bayan kowane girki, ya riƙe ta gida. Amma gidan da ke da yara biyar da girki sau uku, wa zai tsaya wannan hidima?

In ka je saye, ko a Mile 12 ne ko a Sabo, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Duba ko ƙarfen ya ratsa cikin mariƙin har ƙarshe, an kuma ɗaure shi da ƙusoshi. Girgiza ta, in ka ji motsi, ajiye. Ɗan lanƙwasa bakin. In ya tanƙware kamar gwangwani, ba ta riƙe kaifi. Araha ba ta ado. Mafi kyau ma, ka tambayi mai ɗakinka irin wadda take so kafin ka fita.

Abu na ƙarshe, kaifi. Mutane na tsoron wuƙa mai kaifi, alhali dakusasshiya ce ta fi yanka mutum, domin sai an danna da ƙarfi, sai ta zame daga fatar tumatir ta sauka kan yatsa. Ita ce kuma ke murƙushe albasa ta ƙara sa hawaye, ta dagargaza ɗoɗɗoya da na'a-na'a su yi baƙi kafin a kai tukunya. A nemi ɗan dutsen wasawa, a daina goga ta a siminti. A sayi katakon yanka, domin faranti da tire na kashe baki. In an gama a ajiye ta sama, inda hannun yara ba ya kai.

Allah Ya tsare mana iyalanmu, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mun sake haɗuwa.