Tiyatar Rage Ƙiba Da Ciwon Jiki: Wane Ciwo Ke Tafiya, Wane Ke Zama?

Idan ƙiba ta haɗu da ciwon jiki mai daɗewa, abu na farko da kowa zai ce muku shi ne ku rage nauyi ku huta. Ganin haka wasu ke tara kuɗi, wasu ma har su sayar da kadara, su tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya a yi musu tiyatar rage ƙiba, da fatan ciwon zai bi kitsen ya tafi. Ra'ayinmu shi ne, kafin ku sa hannu a takardar amincewa, ku fara sanin irin ciwon da ke damun ku, domin ba duka ciwo ne wannan aiki ke sauƙaƙawa ba.

Akwai ciwon da nauyi ke jawowa, wato na gwiwa da ƙugu da gadon baya da tafin ƙafa. Gurunguntsin gaɓa yana zaizayewa saboda kayan da yake ɗauka. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo 1 da mutum ya rage, nauyin da ke sauka a gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4. Irin wannan ciwo shi ne ya fi jin tiyata.

Akwai kuma wanda likitoci ke kira fibromayaljiya. Mai shi zai ce muku ko'ina ciwo yake masa, sama da ƙasa, hagu da dama, har ya wuce wata 3. Ya kwana ya tashi kamar wanda aka yi wa duka, ga kasala, ga mantuwa, ga barcin da ba ya wartsakarwa. Ya fi kama mata, kuma yana samun kusan mutum 2 zuwa 4 cikin 100. Gwajin jini da hoton ƙashi sukan fito lafiya lau, shi ya sa ake zargin masu shi da raki ko son jiki. Ciwon gaskiya ne. Tushensa yana cikin ƙwaƙwalwa da lakar baya, inda ake ƙara wa saƙon ciwo ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, ta yadda ɗan matsi kaɗan zai zama azaba. Wuƙar likita tana aiki ne a tumbi, ba ta isa can.

Tiyatar da aka fi yi iri biyu ce. A ta farko ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ya rage siriri kamar ayaba. A ta biyu ana ware ɗan aljihu mai girman ƙwai daga tumbin, a haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake wani sashe na hanyarsa. Ana duba wanda ya cancanta da ma'aunin ƙiba: a raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake rabawa da tsawon. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.6 ma'auninsa 37 ne. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022 ta ce daga 35 zuwa sama ana ba da shawarar aikin, daga 30 kuma ana iya duba shi idan akwai cuta irin ciwon suga. Fibromayaljiya ita kaɗai ba dalilin yin aikin ba ce.

Me aka gani a jikin waɗanda aka yi wa? A 2016 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon bin diddigin mutum fiye da 2,000 na tsawon shekara 3. Tsakanin rabi da kashi 70 cikin 100 sun sami sauƙin ciwo da ƙarfin tafiya, kuma masu ciwon gwiwa da ƙugu sun fi dacewa. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai a kan ciwon jiki gaba ɗaya, kusan rabin mutanen ba su ga wani sauƙi na a zo a gani ba a shekara ta uku. Binciken da aka yi a kan masu fibromayaljiya su kaɗai kuwa ƙanana ne, na mutane 'yan kaɗan. Wasu sun sami sauƙi, kuma akwai dalili: barci ya gyaru, minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci sun ragu, jiki ya yi sauƙin motsi. Amma sauƙi daban, warkewa daban.

Abin da ya fi damun mu shi ne maganin ciwo bayan aikin. Da yawa cikinku kun saba da ibufurofen ko diklofenak ko asfirin, ku aika yaro kemis ya sayo. Bayan tiyatar tsallake tumbi ana hana waɗannan magunguna, domin suna jawo gyambo a mahaɗar tumbi da hanji, har ya zubar da jini ko ya ɓule. To, wanda ciwonsa bai tafi ba, kuma an raba shi da maganin da ya saba, ina zai nufa? Sau da yawa sai tiramadol da danginsa. Wani bincike na 2017 ya gano cewa masu shan irin waɗannan ƙwayoyi sun kai kashi 15 cikin 100 kafin aikin, suka ɗan ragu bayan wata 6, amma bayan shekara 7 suka kai kashi 20. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ba sai an gaya wa mutanen ƙasar nan ɓarnar tiramadol ba.

Haka kuma jiki ba ya tsotse abinci da magani kamar da. Ƙarancin bitamin D da kalsiyam yana kawo ciwon ƙashi da raunin tsoka. Ƙarancin bitamin B12 da B1 yana kawo mutuwar jiki da zafin tafin ƙafa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kawo kasala. Duk waɗannan sun yi kama da fibromayaljiya, sai mutum ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya taso, ya yi shiru, alhali abu ne mai magani, wanda idan aka bari yana iya lalata jijiya har abada. Shan bitamin da gwajin jini lokaci-lokaci abu ne na tsawon rai. Wanda ya je waje aka yi masa aiki, ya dawo ba shi da likitan da zai riƙa duba shi a gida, ya sayi rabin magani ne.

Wani zai ce, ai ko ɗan sauƙi aka samu an ci riba. Gaskiya ne, kuma ba muna hana kowa tiyata ba ne. Ga mai ƙiba sosai da ciwon suga da hawan jini, aiki ne da ke tsawaita rai. A yi shi don waɗannan dalilai, idan ciwon jiki ya lafa a ɗauke shi a matsayin gyara.

Kafin ku yanke shawara, ku nemi ganin likitan gaɓoɓi ya tantance irin ciwonku. Ku zo da duk magungunan da kuke sha, har da na kemis da na gargajiya, ku ɗora su a teburin likitan tiyata, ku tambaye shi wanne za ku daina, da me za a maye gurbinsa. Ku san wanda zai riƙa auna jininku bayan aikin, da kuɗin da hakan zai ci. Masu fibromayaljiya kuma ku fara abin da masana gaɓoɓi na Turai suka sa a sahun gaba a shawarwarinsu na 2017, wato motsa jiki. Ku fara da tafiyar minti 5 ko 10 da safe, kuna ƙarawa sannu a hankali, ku gyara lokacin barci, ku tattauna da likita a kan magungunan da ke kwantar da jijiya. Ko an yi tiyata ko ba a yi ba, za ku buƙaci waɗannan.

Allah Ya ƙara mana lafiya.